Tsinken Da Na Sa Aka Cire Daga Hannun Ɗiyata

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni ɗan kabu-kabu ne a Boɗinga, shekaruna sun ɗan haura arba'in, da mata ɗaya da 'ya'ya shida. Har yanzu kabu-kabun nake yi, babur ɗin ne kawai aka canza. Na gama firamare, na leƙa sakandare na fita daga aji biyu da babana ya rasu, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka gyara, amma kada ka gyara maganar. A wancan lokaci gani nake babu abin da ke faruwa tsakanin Boɗinga da Shagari wanda ban sani ba. Wanda ya daɗe yana ɗaukar mutane a bayansa ya ji abubuwa da yawa, don fasinja yana mantawa ɗan kabu-kabu yana da kunne. Na san yarinyar da take sauka nesa da gidansu ta ƙarasa da ƙafa, na san wadda ake saukewa a bayan kemis. In mun zauna a inuwar tasha muna jiran fasinja, hirarsu muke yi, kuma bakina ya fi na kowa kaifi. Ni ne mai cewa duk uban da ɗiyarsa ta lalace a gabansa bai sani ba, wannan ba uba ba ne, tabarma ce aka shimfiɗa a zaure. Ana dariya, ina jin daɗi.

Maganar ta ɗiyata ce ta fari. A wajenmu kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, in an yabe shi ka kau da kai kamar ba da naka ake ba. Ni ma ɗan fari ne, har babana ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage mini ba. Don haka da aka haifi yarinyar nan na yi yadda aka yi mini, har na ƙara. Ana yaye ta innata ta ɗauke ta ta tafi da ita Mandera, garinmu na asali, inda ƙanwata take aure. A can ta tashi. Da tsohuwar take kwana, da ita take hira, ita take zolaya, ita take gaya wa ciwon kai da ciwon ciki. Tsohuwar ta rasu yarinyar tana shekara sha biyu, sai aka dawo mana da ita Boɗinga don ta shiga sakandare.

Ta dawo gidan da babu mai kiran sunanta sai ƙannenta. Uwarta tana ce mata waccan, ni ina cewa ke. In ina son ruwa sai in kalli bango in ce a kawo ruwa, ita ce za ta tashi. In za ta makaranta ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, in amsa ina goge babur. Kada wani ya ce ba na sonta. Ni na san wanda nake fara saya wa atamfa in salla ta zo, sai dai in ba uwarta in ce a ba masu bukata. Uwar ma ta fi ni. Abin da uwa take zaunar da ɗiya ta gaya mata in ta fara girma, ba ta gaya mata ba, ta ce wannan aikin kaka ne ko goggo. Kakar tana ƙasa, goggon tana Mandera. Mu kuwa muna alfahari gidanmu gidan kunya ne.

Tana shekara sha shida wani yaro ɗan Dandin Mahe ya fara zuwa wurinta. Gidansu manoman albasa ne, mutanen kirki a ido, shi ma yaron ba ya shan komai, yana salla, in ya gan ni har ƙasa yake kaiwa. Ita ta kawo shi, babu wanda ya tilasta mata. Manyansa suka zo, aka yi baiko, aka raba goro, aka ce biki bayan an cire albasa. Aka cire albasa, sai suka aiko wai wansa bai yi aure ba, kuma ba a tsallake babba, a yi haƙuri a fara da shi. Aka yi na wan. Sai kuma wai ɗakin da za a sa amarya bai samu rufi ba, sai kaka mai zuwa. Shekara ta zagayo, yaro yana ta zuwa zance bayan la'asar kamar wanda ya riga ya zama ɗan gida. Unguwa duka mijinta ake ce masa. Ni ma in abokai sun tsokane ni da surukina, ina cewa su rufa mini asiri, ina murmushi.

Ranar da na gane, da damina ne. An haihu a gidan ƙanwata, uwar yarinyar ta ce a kai waccan ta taya su aikin suna. Na ɗauke ta a babur, ƙullin kayanta a tsakaninmu kamar kullum. Mun bar kwalta mun kama hanyar ƙasa, wajen wani kwari da ruwa ya kwanta, tayar gaba ta zame muka faɗi. Ba wani mugun faɗuwa ba ne. Na tashi na gan ta zaune cikin laka, sai na manta da komai na kama damtsenta na hagu zan ɗaga ta. Tun tana jaririya ban taɓa jikinta ba sai ranar. Babban yatsana ya sauka a kan wani abu ƙarƙashin fata, siriri, mai tauri, kamar tsinken ashana. Na ɗauka ƙaya ce ko itace ya shige ta. Na ce ta tsaya in gani, sai ta fizge hannun da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ja hijabi ta rufe, ta ce ba komai. Muka hau muka ƙarasa. Duk hanyar babu wanda ya ƙara magana, wanda dama haka muke tafiya.

Washegari na je aski wurin wanzaminmu. Abokina ne tun ƙuruciya, shi ya yi wa 'ya'yana maza kaciya, shi ya cire wa duka yaran gidan beli. Yana cikin aske mini kai na ce masa wata fasinja ta faɗi, tsinke ya shige mata damtse amma babu jini babu rauni, ko yana iya cirewa. Ya yi dariya ya ce lallai na tsufa a banza, duk yawon nan da nake yi ban san ashana ba. Ya ce abin tazarar haihuwa ne, a asibiti ake sa wa mata, matarsa ma tana da shi tun bayan da ta sha wahala a haihuwar ƙarshe, kuma in an sa sai a yi shekaru ba a ɗauki ciki ba. Ya tambaye ni matar wa nake lalube wa hannu da rana tsaka, ya ce zai kai ƙarata gida. Ban yi dariya ba. Ya duba fuskata, askar ta tsaya a kaina. Ya ƙarasa askin, ya karkaɗe mini wuya.

Na koma gida na gaya wa uwarta. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da zane, ta ce ita ba za ta iya tambayarta ba, da wane baki. Na ce ni ma da wane baki. Mutum biyu da suka haifi yarinya, babu mai bakin tambayarta. Sai na hau babur na koma Mandera na kira ƙanwata bayan gida na ce ta tambaye ta. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta gaya wa goggonta cewa tun bayan ɗage bikin na biyu abin ya fara, yaron yana ce mata ai an riga an ba shi ita, abin da ya rage ɗaurin aure ne kawai, laifin manya ne da suke ja. Ta ce ta san ba daidai ba ne, ta yi kuka, ta yi niyyar dainawa ba sau ɗaya ba. Ta ga abin da ya faru da wata 'yar ajinsu da ciki ya fito mata, shi ya sa ta tsorata. Ta je asibiti a Shagari, ba na Boɗinga ba inda za a gane ta. Wani zuwa da ta yi Mandera ne, ta goya jaririn maƙwabciyar goggonta don a ɗauka matar aure ce mai shayarwa. Na tuna ranar. Ni na kai ta Shagari da goyon a bayanta, an ce mini rigakafi za ta kai shi. Na jira ta a ƙarƙashin bishiya ina cin gyaɗa.

Ƙanwata ta roƙe ni in bar abin a hannunta tukuna, in je in matsa a ɗaura auren ko da babu ɗaki babu gado, daga baya a yi sauran. Ta ce yaya, abin da ya faru ya faru, yanzu a rufe shi. Na ce mata ba za a kwana a gidana da lasin iskanci a jikin ɗiyata ba. Haka na kira shi. A kaina abin a fili yake, tsinken nan shi ya ba ta ƙarfin hali, in an cire shi tsoro zai dawo, in tsoro ya dawo za ta kama kanta. Ƙanwata ta ce to a kai ta asibiti su cire. Na ƙi, don a asibiti sai sun tambayi yarinyar ko ta yarda, kuma sai wani ya gan mu. Na je na ɗauko wanzami. Shi ma ya ja baya, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, waɗanda suka sa su suka san yadda ake cirewa. Na tuna masa abotarmu, na ce asirina ne a hannunsa. Ya ɗauki zabirarsa ya hau bayana.

A ɗakin ƙanwata aka yi, bayan 'yan suna sun watse. Ni ban shiga ba. Na zauna a kan babur a ƙofar gida na bar shi a kunne, ina murza shi kaɗan-kaɗan kamar mai gwada inji, don kada in ji kukanta. Daga baya ƙanwata ta ce da na kashe abina, yarinyar ko uffan ba ta ce ba, ta miƙa hannu ta kalli rufin ɗaki. Abin ya ba wanzami wahala, ya yi ta tono yana zamewa, sai da ya tsaga wurin fiye da yadda ya so. Ya fito da gumi ya miƙo mini shi a kan ganye. Ɗan abu fari, mai lanƙwasuwa, bai kai tsawon yatsana ba. Na juya shi na ga ko rubutu babu a jikinsa. Na jefa shi a masai. Na wanke hannu na yi sallar la'asar, kuma wallahi a ranar ji na yi na sauke nauyin da Allah ya ɗora mini.

Abin da ban yi ba shi ya fi yawa. Ban je Dandin Mahe ba. Uban mace ba ya zuwa ya ce a zo a ɗauki ɗiyarsa da sauri, za a ce me ya gani, me yake ɓoyewa. Ban hana yaron zuwa ba, don in na hana shi sai unguwa ta tambayi dalili, kuma ni ne mai bakin nan na tasha. Ban kira shi gefe na ce masa na sani ba, don suruki ne, akwai kunya. Ita kuma ban ce mata komai ba, ko faɗa ban yi mata ba, ko zagi. Da na zage ta ma da ta ji muryata. Abin da na yi kawai, na ce uwarta ta riƙa bincika jakarta da ƙarƙashin katifarta in ta tafi makaranta, kuma kada a bar ta ta je Shagari ita kaɗai. Ta dawo gida da tsumma ɗaure a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina goge babur. Yaro ya ci gaba da zuwa bayan la'asar. Inda suke haɗuwa ban da nan, ban sani ba, har yau ban tambaya ba.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce. Aka sake cire albasa, aka sake aiko mana da haƙuri, wai bayan babbar salla in Allah ya kai mu. Na ce babu komai, Allah ya kai mu. Yarinyar ta ƙara shiru, amma wanda bai saba jin maganarka ba yaya zai gane shirunka ya ƙaru. Ta koma sa babban hijabi ko a tsakar gida. Azumi ya zo, ta yi shi daga farko har ƙarshe ba ta sha ko ɗaya ba, ba ta ɗaga salla ba. Uwarta ta lura, mace ce, ta san abin da hakan yake nufi. Ta gaya mini daga baya cewa sau da yawa ta kan je har ƙofar ɗakin ta tsaya, sai ta juya ta ce gobe. Ni kuwa ko wannan ban lura ba. Na saya mata atamfar salla na ce a ba masu bukata.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, da hantsi, ina tasha maƙwabciyarmu ta kira ni a waya ta ce in bar duk abin da nake yi. Na samu yarinyar a kwance a ƙasa, uwarta ta ɗora kan yarinyar a cinyarta ta rungume, abin da ban taɓa gani ba. Tabarmar ba ta ganuwa don jini, ɗakin yana wani wari. Ashe ciki ne da ita, wata ce ta haɗa ta da wani da ya ba ta abin sha da ƙwayoyi don cikin ya fita, kwanaki tana fama a ɓoye tana cewa zazzaɓi ne. Babu lokacin neman mota. Muka ɗora ta a babur, maƙwabciyar ta zauna a baya ta riƙe ta a tsakaninmu. Kanta ya kwanta a bayana, zafin jikinta yana ratsa rigata. Matar tana ta ce mini malam ka kira ta, kada ka bari ta yi barci, muryarka za ta fi ji, ka kira sunanta. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne ke, ke, kada ki yi barci. Matar ta ce sunanta, malam, don Allah sunanta. Na ƙara wuta na ci gaba da cewa ke.

A asibitin Boɗinga suka sa mata ruwa suka ce abin ya fi ƙarfinsu, a wuce Sakkwato. A can aka ɗebi jinina aka ƙara mata. Wata nas tana neman jijiya ta ɗaga hannun hagu ta ga tabon, baƙi, a murɗe, kamar an ɗinke bakin buhu. Ta tambaya wa ya cire mata. Na ce ni na sa. Ta dube ni, ta koma ɗaya hannun. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Bayan azahar likita ya fito ya kira ni gefe, ya ce mahaifar ta riga ta ruɓe, in ana son ranta sai an cire, kuma in an cire ba za ta taɓa haihuwa ba. Ya ce in yi shawara amma babu lokaci. Na ce a cire. Sau biyu ke nan ina cewa a cire wani abu daga jikin yarinyar nan, kuma duka biyun ba a tambaye ta ba. Na fita na sayi ruwan leda na sha. Na tuna na bar babur a Boɗinga ban kulle kansa ba, abin da ya tsaya mini a rai ke nan har aka fito da ita.

Ta rayu. Labari ya riga mu isa gida, kamar yadda na sani, don ni ma na sha kai irinsa. Yaron ya tafi ci-rani Kudu tun tana asibiti. Manyansa suka zo da yamma su uku, suka zauna a zaurena suka yi doguwar gaisuwa, suka yi mini jaje, sannan suka ce sun duba sun ga Allah bai yi ba. Babu wanda ya ambaci ɗansu. Na ce babu komai, na raka su har bakin hanya. Shekara ba ta cika ba ya dawo aka yi masa aure da wata, ɗakin da ya ƙi samun rufi ya samu. Ranar jeren, wani ya tsayar da ni a kasuwa ya ɗora mini katifa ya ce Dandin Mahe. Sai da muka isa ƙofar gidan na gane inda aka kawo ni. Na sauke musu katifarsu na juyo. Shi yanzu yana da 'ya'ya, yana sahun gaba a masallaci, ana ce masa malam. Ban taɓa jin an yi hirarsa a tasha ba.

Ƙanwata ce ta ɗauke yarinyar ta koma da ita Mandera, kuma ita ta ƙarasa mini abin da ban sani ba. Bayan an cire tsinken, yarinyar ta gaya wa yaron a daina, ya yi fushi ya ce to a fasa auren, ta san kuwa in an fasa sai an tambayi dalili. Ta nemi ƙwayar hana ɗaukar ciki da ake sha kullum. Amma ina za ta ajiye ta a gidan da ake ɗaga katifarta kowace safiya? Sai ta bar ta wurin wata ƙawarta, tana sha ranar da ta samu zuwa, ranar da ba ta samu ba ta ce Allah ya tsare. Ta yi tunanin allura, amma an hana ta zuwa Shagari ita kaɗai, kuma babu goyon da za ta ara. Ta ce wa goggonta tsinken nan ta zaɓe shi ne don shi kaɗai ne ba ya bukatar wurin ɓoyo. Wato duk ƙofar da yarinyar nan ta nema ni na bi na rufe, na bar guda ɗaya a buɗe, wadda yaron yake shigowa.

Mutane suna yaba mini. Suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irina ba, ko hawaye ban yi ba, washegarin sallamarta na fito aiki. Ba tawakkali ba ne. Na san tawakkali, na gan shi a wurin innata. Nawa kamar ƙafar da ka daɗe zaune a kanta ne, kana taɓa ta kana ganin taka ce amma ba ka jin komai. Ina ci, ina barci, ina salla. In an yi abin dariya a tasha ina buɗe baki. In an fara hirar 'ya'yan mutane sai in ce zan je shan mai. Uwarta ta rame ta zama kamar kara, ita tana kuka, ina jin ta, har ina yi mata hassada. Wanzami ya daina haɗa ido da ni, ni kuma na koma aski a shago.

Yanzu shekarunta sun wuce ashirin. Ba ta koma makaranta ba, tana ɗinkin hula, an ce hannunta yana da kyau. Masu neman aure sun zo, in sun ji sai su janye, waɗanda ba su janye ba ita ta ce ba ta so. Bara na kai fasinja Kajiji, a dawowa na ratse Mandera. Na same ta a tsakar gida ta ba ni baya tana shanya. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, sai kawai na ji na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, kamar sunan wani gari da ban taɓa zuwa ba. Ƙanwata da ke tankaɗe ta saki rariya ta ce la'ilaha, yaya, lafiya? Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na gane. Ta ci gaba da shanyarta, sai da goggonta ta ce babanki ne fa yake kira, sannan ta juyo ta durƙusa daga nesa ta ce sannu da zuwa, ta tashi ta kawo ruwa.

Ni ba malami ba ne, kuma ban rubuto don in ce abin da ɗiyata ta yi daidai ne ba. Ita ma ba ta taɓa cewa daidai ne ba. Wanda yake son ya yi mini wa'azi ya ajiye, na ji wanda ya fi nasa. Abin da na sani shi ne yarinya 'yar sha bakwai ta ga rami a gabanta, babu wanda za ta gaya wa, ta yi dabarar da hankalinta ya kai don kada ta faɗa. Ni da na fi ta shekaru na zo na kwance dabarar na bar ramin. Tsinken nan ba shi ya kawo yaron gidana ba, kuma da aka cire shi yaron bai fasa zuwa ba.

Don haka ku iyaye maza, musamman irina masu baki a majalisa. In ka tsinci ƙwaya a jakar ɗiyarka ko ka ji wani abu a hannunta, ka sani ka makara da sanin labarin, amma ba ka makara da ceton ranta ba. Kada ka fara da aska. Ka zaunar da ita ka tambaye ta da bakinka, in kunya za ta kashe ka ta kashe ka. Ka nemo namijin, don ba ita kaɗai ta yi ba. In an yi baiko ana ja maka rai, ka taka da ƙafarka ka ce a ɗaura ko a fasa, duk abin da za a ce a ce. Abin da asibiti suka sa, a bar wa asibiti, su suka san shi. Ku kuma 'yan mata, duk wanda ya ce miki an riga an ba shi ke, ki ce ya jira a ba shi a gaban shaidu, kuma in abu ya riga ya faru kada ki sha abin da wani ya ƙulla miki a leda, ki nemi babba ko da zai mare ki.

Kunyar ɗan fari kuwa, ban ce a yar da ita ba, iyayenmu ba mahaukata ba ne. Amma su sun yi ta ne da kaka a gefe mai jin abin da uwa ba za ta ji ba. In tsohuwar ta mutu, wani ya karɓi aikinta. Ka kira ɗiyarka da sunanta tun tana iya gane muryarka. Ni yanzu duk ranar kasuwa ina ratsewa Mandera, ina tsayawa a bakin ƙofa in kira. Har yau sai goggonta ta ce mata da ke ake.